Zaɓen kamfanin masu gadi a Sokode da Dapaong: takardu, lissafi da sharuɗɗan kwantiragi

A unguwar Didawure (Didaouré) ta birnin Sokode, da kewayen babbar kasuwar Dapaong, akwai gidajen haya, jerin shaguna da ɗakunan ajiyar kaya waɗanda masu su ba sa kwana a garin. Wani yana Lome, wani yana Kumasi ko Legas, wani yana Jamus. Ƙane ne ko dillalin gidaje ke karɓar kuɗin haya, ya biya wuta da ruwa, ya kira magini in katanga ta tsage. Shi ne kuma ake titsiyewa ranar da aka wayi gari an ɓalle kwaɗon sito.

Irin waɗannan wakilai na ƙara komawa ga kamfanonin gadi, waɗanda ake kira « sociétés de gardiennage » da Faransanci. Wannan bayani ya tattaro abin da ya kamata a bincika kafin a miƙa wa kamfani ƙofar gida: takardunsa, farashinsa, mutanen da zai turo, da abin da zai ɗauka a wuyansa idan an yi asara.

Daga amanar mai masauki zuwa takarda

Ajiye dukiyar wanda ba ya nan tsohuwar sana'a ce a Didawure. Unguwar ta kafu ne a matsayin mazaunin 'yan kasuwa Musulmi a ƙasar Kotokoli, a kan hanyar fataucin goro da ta haɗa Kano da Katsina da Salaga ta ƙasar Gwanja, ta biyo ta Nikki da Jugu. Bafatake yakan sauka a gidan mai masauki, ya ajiye kayansa a hannunsa, shi kuma ya nemo masu saye, ya tsaya masa a kan bashi. Mai masaukin da kaya suka ɓata a gidansa ya rasa baƙi, domin labarinsa zai riga shi isa zango na gaba.

Har yau gadi a yawancin gidaje a kan wannan sanayya yake tafiya. Ana ɗauko dattijon da limami ko mai unguwa ya sani, a ba shi tabarma, tocila da gora. Tsarin yana da ƙarfinsa, don da ɗan gari akan ci gari. Yana kuma da rauni guda uku. Ranar da mai gadin ya kwanta ciwo babu mai maye gurbinsa. Idan an yi sata babu wanda zai biya. Sannan wakilin da ke ba shi albashi daga hannunsa ya zama ubangidansa a idon doka, wato rajistarsa a asusun CNSS da ɗawainiyarsa idan ya ji rauni a bakin aiki duk suna kansa. Abin da ake saye a wurin kamfani shi ne ya ɗauke waɗannan nauyi uku. Kamfanin da bai ɗauke su ba, riga da hula kawai ya sayar muku.

Wa zai sa hannu, wa zai biya?

A gidan da wakili ke kula da shi ɓangarori uku ne: mai gida, wakili da 'yan haya. Kafin a kira kowane kamfani, a daidaita abu biyu. Na farko, wakili ya samu takardar wakilci daga mai gida, wadda ta ambaci cewa yana da ikon ƙulla kwantiragin gadi da sunansa. Saƙon murya na WhatsApp ba ya wadatarwa ranar da magana ta kai gaban alƙali. Na biyu, a rubuta yadda za a raba kuɗin: ko yana cikin kuɗin haya, ko kowane shago zai ba da kasonsa. Gadin da ya dogara ga karo-karon da ake bi shago-shago a ƙarshen wata yakan tsaya da zarar mutum biyu sun ƙi biya.

A kuma tsayar da mutum ɗaya da zai riƙa ba masu gadi umarni. Inda kowane ɗan haya ke aiken mai gadi sayen kati ko ɗebo ruwa, ƙofa takan zauna babu kowa.

A fara da gidan kafin kamfanin

Ku zagaya wurin da rana, ku sake zagayawa bayan sallar isha'i. Ƙofofi nawa ne? Ina katanga ta yi gajarta? Wace kusurwa ce fitila ba ta kaiwa? Me ake ajiyewa: babura, buhunan masara da waken soya, atamfofi, wayoyin hannu, ko kuɗin cinikin Flooz da makamantansa? Jerin shagunan da ke bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda manyan motoci ke bi dare da rana daga tashar jiragen ruwan Lome zuwa Sinkase, buƙatarsa daban take da ta gidan haya a cikin lungun Didawure, inda kowa ya san fuskar kowa.

Wuta na cikin lissafi, musamman a watannin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. 'Yan kasuwar Togo ba su manta da Janairun 2013 ba, lokacin da kasuwar Kara da babbar kasuwar Lome suka ƙone cikin mako guda. Mai gadin da ya san inda ake kashe mitar CEET, ya kuma iya amfani da tukunyar kashe gobara, yana iya ceton dukiyar da ta fi wadda ɓarawo zai iya ɗauka a kafaɗa.

Kamfanin kirki yakan turo wakilinsa ya ga wurin kafin ya faɗi farashi. Wanda ya yanka muku kuɗi ta waya bai san abin da zai tsare ba. Wani lokaci zagayen zai nuna cewa fitilu biyu masu aiki da hasken rana da ƙarin bulo a kan katanga sun rage buƙatar mai gadi na biyu.

Takardun da za ku nema

Kada kunya ta hana ku cewa a kawo takarda. Ku ga ta asali, ku riƙe kwafi, ku duba cewa suna ɗaya ne a kan dukansu.

- Lasisin aikin gadi, wato « agrément », daga ma'aikatar da ke kula da tsaron cikin gida. Rajistar kasuwanci ita kaɗai ba ta maye gurbinsa. Ku duba ranar da aka bayar da shi da ranar ƙarewarsa.
- Shaidar kafa kamfani daga cibiyar CFE, mai ɗauke da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF.
- Shaidar biyan haraji daga hukumar OTR.
- Lambar kamfanin a asusun CNSS da takardar « quitus social », wadda ke nuna ba a bin sa bashin kason ma'aikata.
- Takardar inshorar da ke biyan ɓarnar da ma'aikatansa suka jawo wa wasu, wato « responsabilité civile professionnelle ». Ku karanta iyakar kuɗin da take biya, ku kira kamfanin inshorar ku tabbatar tana aiki.

Manyan kamfanonin gadi yawanci a Lome hedikwatarsu take. Daga Lome zuwa Sokode kusan kilomita 340 ne, zuwa Dapaong kuwa ya haura 600. Saboda haka ku tambayi adireshin ofishinsu na cikin garinku, ku je da ƙafarku. Ku kuma nemi sunayen wurare biyu ko uku da suke gadi a garin, ku ratsa ta wurin da dare ku ga ko mai gadin na farke.

Lissafin da ke tona asirin farashi

Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne sauƙi, kuma ba ya buƙatar lauya. Tun 1 ga Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi a Togo, wato SMIG, ya tashi daga sefa 35,000 zuwa 52,500 a wata. A kan wannan, kamfani na zuba kashi 17.5 cikin ɗari a asusun CNSS, ana kuma cire kashi 4 daga albashin ma'aikaci. Kason kamfanin ya kai kusan sefa 9,200. Ke nan mai gadi ɗaya a kan mafi ƙarancin albashi yana cin wa kamfani kimanin sefa 61,700 a wata, kafin a sa kason inshorar lafiya ta AMU da ta shafi ma'aikatan kamfanoni tun Janairun 2024.

Mako yana da dare bakwai, ma'aikaci kuma yana da haƙƙin hutun kwana ɗaya. Dole a samu mai canjinsa a daren na bakwai. Idan aka haɗa, gadin dare kaɗai a ƙofa ɗaya yana kamawa wajen sefa 72,000. Gadin dare da rana, awa 12 ga kowane mutum, yana buƙatar mutum biyu da wani kaso na aikin mutum na uku, abin da ya kai kusan sefa 144,000. Duk wannan bai haɗa da kayan sarki, takalma, tocila, man babur ɗin mai zagayen dubawa, inshora, hutun shekara da ribar kamfani ba. Idan kamfanin na cikin masu karɓar harajin TVA, sai a ƙara kashi 18 cikin ɗari a kai.

To, idan wani ya ce zai ba ku gadin dare a kan sefa 45,000, daga ina zai cike giɓin? Daga aljihun mai gadin ne. Ko dai ana biyansa ƙasa da doka, ko ba a yi masa rajista ba, ko albashinsa na yin wata biyu bai zo ba. Mutumin da aka yi wa haka yakan yi zemijan, wato acaɓa, ko dako da rana don ya ciyar da iyalinsa, ya zo ƙofarku ya yi barci. Wanda yunwa ta matsa wa kuma shi ne ɓarayi ke fara nema da tayin kaso. Araha ba ta ado.

Ku nemi farashi daga kamfanoni uku, kowanne ya rarraba shi dalla-dalla: nawa ne albashi, nawa ne CNSS, nawa ne kayan aiki, nawa ne riba. Bayan an fara aiki, ku riƙa tambayar mai gadin da kansa ko albashi ya shiga a kan lokaci.

Mutumin da zai tsaya a ƙofa

Sunan kamfani ba ya gadi, mutum ne ke yi. Ku tambayi yadda suke ɗaukar ma'aikata. Shin suna karɓar katin shaidar ɗan ƙasa da takardar kotu mai nuna mutum ba shi da tabon laifi, wato « casier judiciaire »? Shin akwai wanda ya tsaya masa, an kuma san gidan da yake kwana? Kwana nawa ake horar da shi kafin a tura shi, kuma me ake koya masa? Mafi ƙaranci shi ne rubuta rajistar shiga da fita, kashe ƙaramar gobara, agajin farko, da sanin iyakar ikonsa.

Harshe ma abin dubawa ne. A Sokode mai gadi zai yi hulɗa da masu jin Tem, wato Kotokoli, da Hausa. A Dapaong zai gamu da masu jin Moba, Gurmanci, yaren Mosawa, Fulatanci da Hausa. Rahoto kuwa da Faransanci ake rubuta shi. Wanda aka kawo daga kudu jiya, bai jin ko ɗaya daga harsunan unguwa, ba zai bambanta baƙon ɗan haya da mai leƙen asiri ba. A gidan da iyalai ke zaune, a gaya wa kamfani tun farko inda namiji baƙo ba ya wucewa, a kuma tsara yadda za a tsare ƙofa lokacin sallar Juma'a da asubahin watan azumi, sa'ad da unguwa kan zama babu maza. Haka nan ranakun cunkoso, kamar bikin Gadao-Adossa da ke cika Sokode da baƙi.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce: wa ke duba mai gadin da ƙarfe biyun dare? Kamfani na gaske yana da mai zagaye a kan babur, wanda ke sa hannu a littafin da ke wurin, da sa'ar da ya zo. Ku nemi a nuna muku irin wannan littafi na wani wurin da suke gadi.

Mai gadi ba ɗan sanda ba ne. Aikinsa ya gani, ya hana shiga, ya busa usur, ya kira hukuma: 117 don 'yan sanda, 118 don 'yan kwana-kwana. Idan ya kama ɓarawo, ya miƙa shi ga 'yan sanda ko jandarmomi ba tare da duka ba. Kamfanin da ke alfahari da cewa yaransa na « koya wa ɓarawo hankali » zai ja muku shari'a. Wanda ya yi muku tayin mai gadi da bindiga kuwa, ku ce ya kawo rubutaccen izinin hukuma na wannan makami da na mai riƙe shi, ku kai wa kwamishinan 'yan sanda ya gani.

Abin da kwantiragi zai ƙunsa

Kwantiragin da Faransanci zai zo. Idan ba ku ƙware ba, ku sa wanda kuka amince da shi ya fassara muku shi layi-layi kafin sa hannu. Ku tabbata waɗannan suna ciki:

- Yawan masu gadi, sa'o'in kama aiki da tashi, da wuraren da za su tsaya.
- Sa'o'i nawa kamfani zai ɗauka kafin ya turo madadin wanda bai zo ba, da kuɗin da za a rage a kan daren da ƙofa ta kwana babu kowa.
- Haƙƙinku na neman a canza mai gadi, da wajibcin a sanar da ku kafin a kawo sabuwar fuska.
- Wanda ke riƙe da makullai. Ya fi kyau mai gadi ya riƙe na ƙofar waje kawai, na sito da shaguna su zauna wurin masu su.
- Haramcin miƙa aikin ga wani kamfani ba da izininku ba.
- Watanni uku na gwaji, da wa'adin sanarwa kafin kowane ɓangare ya janye.
- Biyan kuɗi ta banki ko da rasit mai hatimin kamfani.

Sashen da ya fi jawo rigima shi ne na alhakin asara. A tsarin shari'ar da Togo ta gada daga Faransa, ana bambanta alƙawarin yin iya ƙoƙari, « obligation de moyens », da alƙawarin tabbatar da sakamako, « obligation de résultat ». Kamfanonin gadi kusan kullum na farkon suke ɗauka. Ma'anarsa, aukuwar sata ita kaɗai ba ta wajabta musu biya. Sai an nuna sakaci, kamar barci, barin wurin aiki, ko haɗin baki. A nan littafin rajista da sa hannun mai zagaye ke zama hujja. Ku sa a rubuta ƙarara cewa kamfani ne ke da alhakin abin da ma'aikacinsa ya aikata a bakin aiki, da kwanakin da zai ɗauka kafin ya biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk da haka gadi ba ya maye gurbin inshorar gobara da sata ta kayan da ke cikin sito, wadda mai kayan ne zai yanka.

Abin da ya keɓanta da Dapaong

Yankin Savanes na cikin wani hali na daban. An kai hari a Sanloaga da ke Kpendjal a Nuwamban 2021, sannan a Mayun 2022 aka kashe sojoji takwas a Kpékpakandi. Tun Yunin 2022 yankin ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro, wadda majalisar dokoki ta yi ta tsawaitawa, sojoji kuma na gudanar da aikin da ake kira Koundjoaré a kan iyaka. Garin Dapaong ya karɓi mutanen da suka baro ƙauyuka da 'yan gudun hijira daga Burkina Faso.

Ga mai kula da gida, wannan na nufin abu uku. Na ɗaya, kowane mai gadi ya kasance da katin shaida da katin aiki a jikinsa, domin yana iya gamuwa da shingen bincike a hanyarsa ta zuwa aiki. Na biyu, rajistar masu shiga da masu ajiye kaya ta zama cikakkiya, musamman a wuraren ajiyar babura, man fetur da takin zamani. Hausawa da Fulani 'yan kasuwa sun san yadda zargi kan faɗa wa baƙo da sauri a irin wannan lokaci, kuma rubutacciyar rajista kariya ce gare su. Na uku, ku tambayi kamfanin inshora ko takardarsa ta ware asarar da ta samo asali daga harin 'yan bindiga ko tarzoma, domin yawancin takardun inshora na yau da kullum suna ware ta. Babu kamfanin gadin da zai tare irin wannan hari, kuma wanda ya yi muku wannan alƙawari ku bar shi.

Ga masu dukiya a ƙasashe maƙwabta

Da yawa daga masu karatu suna da shago a Togo, wani a Ghana ko Najeriya. Lasisin ƙasa ɗaya ba ya aiki a wata. A Najeriya dokar kamfanonin gadi ta 1986 ce ke aiki, hukumar NSCDC ke sa ido a kansu, kuma dokar ta hana masu gadinsu riƙe bindiga. A Ghana ma'aikatar cikin gida ce ke ba da lasisi a ƙarƙashin ƙa'idojin 1992. A matakin duniya akwai kundin ɗa'a na kamfanonin tsaro masu zaman kansu na 2010, wanda ƙungiyar ICoCA da ke Geneva ke kula da shi, da ma'aunin ISO 18788. Ƙungiyoyin agaji da manyan kamfanoni ne suka fi neman waɗannan. Ga gidan haya a Komah ko Kpangalam, lasisi, CNSS da inshora su ne abin dubawa.

Bayan an sa hannu

Ranar farko, ku gabatar da masu gadin ga mai unguwa, limamin masallaci mafi kusa da maƙwabta. Idan akwai tsohon mai gadi, a sallame shi da haƙƙinsa cikakke, ko a nemi kamfanin ya ɗauke shi aiki, tunda ya fi kowa sanin gidan. A manna lambobin waya na gaggawa da na wakili a ɗakin gadi, a kuma tanadar wa mai gadin rumfa, kujera, ruwan sha da makewayi.

Wakili ya riƙa kai ziyarar ba-zata da dare aƙalla sau biyu a wata, ya karanta littafin rajista, ya ɗauki hotonsa ya tura wa mai gida. Duk bayan wata uku a nemi sabuwar shaidar biyan CNSS.

Idan an yi sata, kada a taɓa ƙofa ko kwaɗon da aka ɓalle. A kira 'yan sanda ko jandarmomi, a ɗauki hotuna, a karɓe littafin rajista nan take. Idan asarar na da yawa, a kira « huissier de justice » ya rubuta abin da ya gani da idonsa, domin takardarsa na da nauyi a kotu. A sanar da kamfanin gadi da na inshora a rubuce cikin wa'adin da kwantiragi ya tanada, wanda sau da yawa 'yan kwanaki ne kawai, a kuma riƙe kwafin wasiƙar mai ɗauke da hatimin karɓa da kwanan wata.